Ba a Kashe Inji a Hayin Kogi

Asabar, 4 ga Oktoba, bayan la'asar

Sun dakatar da Girgis. Da safe na ga takardar a allon sanarwa na loko, rumfar gyaran kawunan jirgi, an kafa ta a ƙarƙashin jadawalin aiki. Wai Girgis Fahim, babban makaniki, kada ya sake taka harabar kamfani sai kwamitin bincike ya gama aikinsa kan gobarar kan jirgi mai lamba bakwai. Shekara ashirin da shida muna shiga ƙofar nan tare, yau ko sunan ubansa ba su iya rubutawa daidai ba.

Ni nake tuƙa Bakwai ranar Alhamis da wutar ta kama. Tarago arba'in da biyu na fosfat, dutsen da ake yin taki da shi, a bayana, mun baro mahaƙa, muna hawan tudun da ke gaba da Kilomita 214, sai na ji ƙarfin injin yana zubewa. Sai farin hayaƙi, sai harshen wuta daga bututu. Ni da Shahat, direban da muke karɓa-karɓa da shi, tulun kashe gobara huɗu muka juye kafin ta mutu. Babu wanda ya ƙone, alhamdulillahi. Kan jirgin ne dai, wanda ko wata shida bai yi da saukowa daga jirgin ruwa ba, bayansa ya koma gawayi.

Da suka buɗe akwatin wayoyi, sai suka tarar an haɗa wata 'yar jar waya inda bai kamata ba. Girgis ya ce shi ya haɗa. Ya ce shi kaɗai.

Ni babu wanda ya tambaye ni komai, sai dai ƙarfe nawa wutar ta tashi. Na ce sha ɗaya da kwata.

Lahadi, 5 ga Oktoba, da hantsi

Ba ni da aiki yau. Na dafa wake na ci a tsaye daga tukunya. Tun da mai ɗakina Bahita ta rasu ban ga dalilin ɓata kwano ba.

Littafin nan ma na rubuta larurar inji ne, ragowar wani tsoho da na tsinta a aljihun rigar aiki. Da can in magana ta cika min ciki Girgis nake juye wa, ya saurara, ya ce min jaki, in ji sauƙi. Takarda kuwa ba ta zagi, shi ya sa ba ta da daɗin hira.

Ana kaɗa ƙararrawar cocin su Girgis. Har nan ake ji.

Litinin, 6 ga Oktoba, bayan azahar

An tara mu direbobi a ɗakin taro. Baturen kamfanin da ya ƙera sababbin kawunan ya zo da hotuna, Injiniya Nagwa tana fassara. Yarinya ce, sa'ar ɗana, ita aka ɗora wa kula da hayaƙin injina, kuma ba ta wasa.

Ga abin da ya ce, yadda na fahimta. A bututun sabon inji akwai wata matata, wato abin tacewa, mai kama ƙunar hayaƙi kada ta fita. In inji yana aiki da ƙarfi, zafi kan cinye ƙunar kaɗan-kaɗan. In kuwa aka bar shi a tsaye yana gunaguni awa da awanni, ba zafi, sai ƙunar ta taru ta daskare. Ranar da ka ɗora masa kaya a kan tudu sai ta kama gaba ɗaya. Shi ya sa aka yi shi yadda in ya yi minti goma sha biyar a tsaye zai kashe kansa. Jar wayar nan ita ta hana Bakwai kashe kansa. Na'urar cikinsa ta nuna ya yi awa ɗari bakwai yana gunaguni a banza.

Shahat ya ɗaga hannu. "Injiniya, tambaye shi don Allah. Tsofaffin da suka shekara arba'in suna tuƙa mana tuwon hayaƙi a hanci, wa ya ƙera su? Ba kakansa ba?"

Aka kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba, amma ta fassara. Baturen ya yi ja har kunne. Ya ce gaskiya ne, irin waɗancan na kai wa ƙasashen waje ne, a ƙasarsu doka ta daɗe da hana su. Yanzu kuma masu sayen fosfat ɗinmu sun ce ba za su saya ba sai an jawo shi da inji mai tsabta.

Abin da Girgis ya daɗe yana faɗa ke nan. Yakan ce abin da suka hana 'ya'yansu shaƙa, shi suke loda mana a jirgin ruwa har da fenti sabo. Na juya in kalle shi mu yi dariya tare. Kujerar da ke gefena wani ne a kai.

Baturen ya tambaya ko akwai direban da ya lura Bakwai ba ya kashe kansa. Ɗaki ya yi tsit. Ai tambayar ta kowa ce, ba ni aka tambaya ba.

Laraba, 8 ga Oktoba, kusan magariba

Na sayi lemo kilo biyu na nufi gidan Girgis. Na kai bakin lungunsu, wajen mai guga. Daga nan na jiyo tarinsa ta taga, irin mai tsawon nan da yake yi har sai ya dafa bango.

Lemon yana nan kan teburina.

Alhamis, 9 ga Oktoba, bayan la'asar, a ɗakin kwanan mahaƙa

Sun ba ni Huɗu, shi ma cikin sababbin kawunan yake. Mun ƙetare kogi da asuba, mun isa 214 wajen ƙarfe goma, aka ce mu tsaya a ratse mu jira mai zuwa ya wuce.

Na kafa wa agogo ido. Minti goma sha biyar cif, injin ya yi wata ajiyar zuciya ya yi shiru.

Wanda bai taɓa jin shirun 214 ba ba zai gane ba. Babu bishiya, babu tsuntsu, ko ƙuda babu. Sai ƙarfe yana ƙas-ƙas yana hucewa. Gumi ya jiƙa min wuya. Na sauka kamar zan duba birki, na zagaya bayan tarago na amayar da karin kumallona.

Da na hau Shahat ya miƙo min ruwa bai kalle ni ba. "Usta," in ji shi, don haka ake kiran babban direba a nan, "waken jiya ne ko?"

Na ce waken jiya ne.

Minti arba'in muka yi. Da na taɓa maɓalli injin ya tashi nan take, ko tari bai yi ba. Na sani zai tashi. Kullum yana tashi.

Juma'a, 10 ga Oktoba, da rana

Ban yi komai ba.

Lahadi, 12 ga Oktoba, da hantsi

Na haɗu da Ummu Bishoi, matar Girgis, a kasuwar kayan miya. Na so in shige bayan mai tumatir, ta riga ta gan ni.

"Usta Abdurradi, ashe kana gari? Mun zaci an yi maka canjin aiki zuwa Libiya."

Na ce aiki ne ya yi yawa. Ta ce haka ne, ta ji an ce rashin mutum ɗaya ya ninka wa kowa aiki. Bakin matar nan reza ne, tun tana amarya.

Sai ta rage murya. Ta ce an riƙe katin asibitin kamfani har sai kwamiti ya yanke hukunci. In korar laifi aka yi masa, kati ya tafi ke nan har abada. Kowace Talata ake sa masa iska a ƙirji a can, a ba shi maganin shaƙa na sati. Likita ya ce huhunsa kamar na wanda ya shekara hamsin yana shan taba, mutumin da ko kara ɗaya bai taɓa sa wa a baki ba. Hayaƙin loko ne, shekara talatin da takwas a ƙarƙashin rufin kwano da tsofaffin injina shida suna gunaguni a kansa.

"Ya hana ni zuwa wurinka," in ji ta. "Ya ce in na je, bai yafe ba. To ban je ba, ga shi kasuwa ce ta haɗa mu."

Na tambaye ta ko suna bukatar wani abu. Ta dube ni tun daga hula har takalmi, ta ce a'a, sun gode, ta ɗauki kwandonta.

Yaushe kwamiti zai zauna na ƙarshe ma ita ta faɗa min. Alhamis, 23 ga wata.

Talata, 14 ga Oktoba, bayan azahar

Shahat ya ja ni gidan shayin bakin tasha. Ya sa aka kawo domino don kada a ce muna ƙus-ƙus.

"Usta, ni fa bakina ƙanin ƙafata. Wata biyar ina zaune kusa da kai a Bakwai, kunnena ƙalau, na san ba ya mutuwa. Ban tambaya ba, kai ma ba ka faɗa ba."

Na ce ya yi wasansa.

Ya buga shida-shida ya ce ya karanta dokar aiki. In makaniki ya taɓa na'urar tsaro bisa raɗin kansa, kora ce babu haƙƙi. In kuwa direban da ke riƙe da kan jirgi ne ya matsa masa, laifin na direba ne, makaniki gargaɗi kawai zai sha. Direban kuma ya yi sallama da tuƙi.

"Girgis ya san wannan sarai, ya fi ni sani," in ji shi. "Ya auna ya zaɓa. Shi saura masa shekara ɗaya ya yi ritaya, kai uku. Shi yana da mata da jikoki, kai in an sauke ka daga jirgi wa gare ka? Bangon ɗaki? Mutum ya yi maka kyauta, karɓa ake yi a ce an gode. Kada ka zubar masa a ƙasa."

Na ce ban san abin da yake magana a kai ba.

"Madalla. Haka nake so ka riƙa cewa."

Ya ci ni wasa uku a jere. Maganarsa akwai hankali a ciki, shi ne abin da ya fi ba ni haushi.

Laraba, 15 ga Oktoba, da safe

Yau bari in rubuta na Usta Zaglul, ko ya sauka daga ƙirjina.

Shekara talatin da ɗaya ke nan. Ina mataimaki a ƙarƙashinsa, watan Agusta. Takarda ta fito cewa a riƙa kashe inji in an tsaya a ratse, don tattalin mai. Sauran direbobi suka yi kunnen uwar shegu da ita. Usta Zaglul kuwa mutum ne mai bin doka, ko igiyar takalmi doka ta ce a ɗaure ta hagu, ta hagu zai ɗaure. Muka isa 214, ya kashe.

Jirgin da muke jira bai zo ba. Ashe ya sauka daga layi can gaba, kowa ya ruga can, aka manta da mu. Da muka gaji Usta ya taɓa maɓalli, injin ya yi gurnani sau biyu ya yi shiru. Batir ya mutu. Rediyo ma da batirin take aiki.

Ruwanmu rabin jarka ne. Rana ta biyu da asuba ya zuba kaɗan a gora, ya bar min sauran. Titin mota yana kudu, tafiyar kilomita talatin. Na ce zan bi shi. Ya ce, "Kai shiga ƙarƙashin tarago ka kwanta, Radi. Ba a barin jirgi ba kowa. Kafin la'asar za ka ji mota."

Ni a rana ta uku aka zo aka ɗauke ni. Shi a ta biyar aka same shi, saura kilomita huɗu ya kai kwalta.

A wurin zaman makokinsa direbobi suka haɗa hannu suka karanta Fatiha a kan cewa daga ranar ba a kashe inji a hayin kogi. Ko takarda ta fito daga sama. Duk sabon direba, kafin a nuna masa birki wannan ake fara gaya masa. Shekara talatin injinanmu suna gunaguni a sahara dare da rana, mu muna dafa shayi a jikinsu, kuma babu wanda ya sake mutuwa. Ai ba hauka ba ne, da dalilinmu.

Na sani sabon inji yana duba batirinsa da kansa, in ya ga ya yi ƙasa ya tashi da kansa. Na sani akwai waya a akwati mai samun ofis ko daga ina. Kaina ya san duk wannan. Cikina ne bai yarda ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Girgis kaɗai na taɓa ba wa labarin kwana ukun nan a ƙarƙashin tarago. Ko Bahita ba ta ji rabinsa ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba, bayan sallar Juma'a

Ɗana Hilal ya kira daga Kuwait. Ya tambayi ƙafata, ya tambayi aiki, ya ce yaya Baba Girgis, har yanzu yana cuta a domino? Na ce lafiyarsa lau, yana gaishe ka.

Lemon ya fara ruɓewa. Na zubar.

Lahadi, 19 ga Oktoba, bayan azahar

Injiniya Nagwa ta kira ni ofishinta. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ashe wata magana ce. Wai kamfani yana so a samu tsohon direba da ake jin maganarsa ya koya wa sauran yadda ake tafiyar da sababbin injina, musamman maganar barin inji ya kashe kansa. Ta ce in ni na faɗa za su ji. Ni! Na ce zan yi tunani.

Na miƙe zan fita ta ce, "Usta, zauna minti ɗaya. Akwai abin da ya tsaya min a rai."

Ta ce satin da kawunan suka iso, Girgis ya shigo ofis ɗin nan da hankicinsa a hannu. Ya wuni a loko kusa da inji yana aiki, ya fyace hanci, hankici fari tas. Ya shimfiɗa mata a kan tebur yana dariya kamar yaro, yana cewa duba, 'yata, shekara talatin da takwas ban ga haka ba. Ta ce shi ya fi kowa karanta littafin injin. Ya san abin da gunaguni zai yi wa matatar hayaƙin, don shi ya fara yi mata bayani.

"To me zai sa mutum irin wannan ya haɗa waccan waya? Kuma a Bakwai kaɗai, cikin kawuna shida?"

Na ce Allah kaɗai ya san zuciyar bawa.

"Haka ne," in ji ta. "Amma kai abokinsa ne."

Wannan ba tambaya ba ce. Ba ta tambaye ni ba. Na jira ta tambaya, wallahi na jira, sai ta jawo wata takarda ta ce in gaida gida.

Litinin, 20 ga Oktoba, da safe

Sau nawa na rubuta a littafin nan cewa ba a tambaye ni ba? Na koma baya na duba. Na ji kunya.

Talata, 21 ga Oktoba, da rana

Na shiga ƙaramar bas zan je karɓo takalmi wajen mai gyara. Hanyar ta bi ta gaban asibitin kamfani, kuma cunkoso ya tsayar da mu daidai ƙofa.

Yana zaune a kan benci a waje, inda masu jiran ziyara suke zama. Ummu Bishoi tana tsaye tana magana da mai gadi, tana nuna masa wata takarda, shi yana girgiza kai. Girgis ya rame. Rigar da na san tana matse shi a ciki yanzu iska ke kaɗa ta. Ya dafa gwiwa biyu yana jan numfashi da baki.

Ya ɗago kai wajen motar. Ni kuma na sunkuya. Mutum mai shekara hamsin da bakwai, mai furfura, na sunkuya ina ɗaure igiyar takalmin da take a ɗaure, har motar ta tashi.

Ban taɓa ƙin kaina kamar yau ba.

Laraba, 22 ga Oktoba, bayan la'asar

To, bari in rubuta. Ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Watan Mayu ne, tafiyata ta farko da Bakwai. Ya mutu min a 214, abin da ya same ni ya same ni. Da na dawo ko gida ban je ba, na wuce loko. Na tarar da Girgis a kan akwatin kayan aiki yana cin burodi da cuku. Na ce, "Girgis, abin nan da ke kashe inji, rufe masa baki."

Ya yi dariya, ya zaci wasa nake. Da ya ga fuskata ya ce, "Radi, wannan ba irin na da ba ne. In ka bar shi yana gunaguni toshewa zai yi. Ka ba kanka wata ɗaya, za ka saba."

Na ce ba zan saba ba. Ya ce a'a. Na ce a Bakwai kaɗai, babu wanda zai sani. Ya ce a'a, ya ce in bari ya yi wa Injiniya magana a mayar da ni layin gabas inda ba a tsayawa. Na ce so yake duk loko su ji Usta Abdurradi yana tsoron shiru?

Sai na faɗi abin da na faɗa. Na ce, "Ashe kai ma barina za ka yi a 214."

Na san inda zan soka, can na soka. Labarin da na ba shi amana shi na zaro na sa masa a wuya. Ya daɗe yana kallona. Ya naɗe sauran burodinsa a takarda, ya ɗauki filaya, ya hau. Minti goma bai yi ba. Da ya sauko bai ce min jaki ba, ya je ya wanke hannu.

Shi ke nan. Ba shi da yawa ashe, rabin shafi. Sati uku ina zagaye shi.

Gobe ƙarfe goma suke zama.

Alhamis, 23 ga Oktoba, bayan azahar

Na sa rigar Idi. Ban san dalili ba.

Mutum uku ne a bayan tebur, Injiniya Nagwa tana gefe da takardu. Girgis bai zo ba, bayaninsa a rubuce yake gabansu. Shugaban kwamitin, wani mai tabarau daga babban ofis, ya ɗago kai ya ce, "Usta, ba mu kira ka ba."

Na ce shi ya sa na zo da kaina.

Na faɗa musu duka, a tsaye. Ni na nema, ya ƙi sau uku, na matsa masa. Wata biyar ina jin injin yana gunaguni a ratse ina jin daɗi. Ranar da Bature ya tambaya ina ɗakin. Na Usta Zaglul ne kawai ban faɗa ba, wannan ba na kwamiti ba ne.

Shugaban ya cire tabarau. "Ka san abin da wannan magana za ta jawo maka?"

Na ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Ya ce karin magana ba ya shiga rahoto, in ce e ko a'a. Na ce e. Aka rubuta, na sa hannu. Injiniya ba ta ɗago kai ba har na fita, alƙalaminta ne kawai yake tafiya.

Shahat yana jirana a tsakar gida. Ya tafa hannu ya ce, "La haula. Ka yanka kanka da kanka, Usta." Ya rako ni har bakin ƙofa yana faɗa, daga nan ya koma don jirginsa na ƙarfe sha biyu.

Na zaci zan ji sauƙi. Yunwa kawai na ji.

Asabar, 25 ga Oktoba, da hantsi

Takarda ta fito. Girgis gargaɗi, da ritaya saboda rashin lafiya, da katinsa. Talata mai zuwa za a sa masa iska.

Ni an sauke ni daga tuƙi, ba komawa. Daga ɗaya ga wata zan koma mashigar titin Dandara, in riƙa sauke sanda ina tare motoci in jirgi zai wuce. Ɗaki ne ɗan ƙarami da kujera ɗaya. Na san shi, shekara talatin ina yi wa mai zama a ciki hon.

Na miƙa makulli da hula. Magatakardan ya ce in bar hular, ai ta tsufa.

Lahadi, 26 ga Oktoba, bayan la'asar

Na je. Na jira sai da na tabbata sun dawo daga coci sun ci abinci.

Ummu Bishoi ce ta buɗe. Ta ce in shigo, ta kai ni ɗakin baƙi, mai kujerun da aka lulluɓe da leda. Ban taɓa zama a ɗakin nan ba. Ni ta kicin nake shiga gidan nan, in ɗaga murfin tukunya in ga me aka dafa.

Girgis ya fito yana bin bango. Na miƙe zan riƙe shi ya ɗaga hannu. Ya zauna, ya ɗauki lokaci kafin numfashinsa ya daidaita.

"An ce ka je ka yi wa'azi a gaban kwamiti."

Na ce na je.

"Wa ya aike ka? Mutum ɗaya suke nema na ba su. Ni da na riga na gama, ƙirjin nan ko da kati ko babu kati shekara nawa ya rage masa? Kai kuma ka je ka zama mai ɗaga sanda."

Na ce ba zan iya barinsa a bencin nan ba.

"A, bencin." Ya gyaɗa kai. "Na gan ka ai. Igiyar takalmin ta ɗauru?"

Na rasa inda zan sa idona. Na ce, "Girgis, ka yafe min. Wayar nan, da abin da na faɗa maka ranar."

Ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. "Wayar ni na haɗa da hannuna, ba yaro ba ne ni. Da ka sake roƙona yau ma wataƙila in sake. Ba wannan ba ne, Radi." Tari ya sarƙe shi, na jira. "Na rantse da giciye, ban so ka faɗa musu komai ba. Zuwa kawai na so ka yi. Ka zauna nan ka yi min ƙarya ma, ka ce komai zai wuce. Kullum la'asar sai in sa ta bar ƙofa a buɗe, in ce yau zai zo. Kwana ashirin da uku. Ran nan ta ce sauro yana shigowa, na ce to rufe."

Ya juya yana kallon hoton auren ɗansa a bango.

Ummu Bishoi ta shigo da shayi a kan tire, kofin gilas mai bakin zinari a kan ɗan faranti, sukari daban a cikin kwano. Matar da ta shekara ashirin da shida tana miƙo min shayina a haɗe ba tare da ta juyo ba. Ta ajiye a gabana, ta ɗauki cokali.

"Cokali nawa, Usta?"

Na ce biyu. Uku nake sha.